Reino Ya Shiga Kicin

Talata, 10 ga Janairu

Na karye. Na fita ɗauko wasiƙa, ƙanƙara ta kwashe ni a bakin ƙofa, idon sawun dama ya tafi. A asibiti sun ɗaure mini ƙafar da siminti har gwiwa, wai kada ƙafar ta taɓa ƙasa sai ƙarshen Fabrairu. Ni Arlene, da ko mura ba ta kwantar da ni!

Ba ƙafar ce ta dame ni ba, mijina ne. Tun ranar da Reino ya bar murhu a kunne hayaƙi ya cika gidan, shekara biyu ke nan, ban sake barinsa ya ɗaga ko cokali ba. Likita ta ce mantuwa ce ta fara shigarsa. Na ce to, ya zauna, ni zan yi. Yana kujerarsa gaban talabijin, in kai masa, in kwashe. Mutumin da ya shekara talatin yana dafa wa ma'aikatan jirgin ruwa abinci, yanzu in ka tambaye shi me ya ci da safe sai ya kalle ni.

Da suka shigo da ni ya daɗe yana kallon simintin. Wai, "Wa ya yi miki haka?"

Juma'a, 13 ga Janairu

Kirsten ta zo daga Milwaukee. 'Yata ce, na san fuskarta in ta riga ta yanke shawara. Ta yi magana da wani gidan kula da tsofaffi, ɗaki zai samu ƙarshen watan gobe.

"Mama, ke ba ki iya kai kanki banɗaki ba, ta yaya za ki riƙe Baba?"

A gabansa ta faɗa, kamar babu shi. Ni ma a gabansa na amsa. Sai daga baya abin ya tsaya mini a rai.

Litinin, 16 ga Janairu

Kirsten ta koma aiki. Na roƙi Reino shayi, ya kawo mini da ruwan sanyi.

Alhamis, 19 ga Janairu



Barci ya ɗauke ni a falo da rana, ƙamshin albasa ya tashe ni. Kujerarsa wayam. Na ja sanduna na leƙa kicin: ga Reino, wuƙa a hannu, wuta a ƙarƙashin tukunya. Na kurma ihu.

Ko juyowa bai yi ba. "Tsohuwa, ihu ba ya dafa miya. Koma ki zauna kafin ki karya ɗayar."

Rabon da ya yi mini magana mai tsawon haka na manta. Kuma yadda yake yanka albasar! Idonsa na kan taga, hannun yana aikinsa shi kaɗai.

Miyar kifi ce. Ya sa gishiri sau biyu, ya mance dankali gaba ɗaya. Na shanye. Abincin da maƙwabcinmu Gordy ya kawo jiya ya ƙare, yunwa kuwa ba ta da kara. Shi ya kashe murhun da kansa. Duk da haka na lallaɓa na duba.

Asabar, 28 ga Janairu

Ya yi wanki. Ya haɗa jar rigata da fararen zannuwan gado, komai ya fito kalar alewa. Na ciji leɓe.

Yanzu ba ya zama. Shara, goge teburi, ɗebo itace daga rumfa, ninke tawul. Wani aikin sau biyu yake yinsa, don ya mance ya yi. Amma ɗazu ya tsaya da tsintsiya a hannu ya ce, "Yau Asabar, ai ranar wankan tururi a sauna ce. Bari in hura wuta."

Asabar ɗin ce kuwa. Ban gaya masa ba, bai ga jarida ba. Shekara guda bai san ranar da ake ciki ba.

Alhamis, 2 ga Fabrairu

Wannan ba zan gaya wa Kirsten ba.

Ina so in ce ya miƙo mini abin ɗiban miya, sunan ya ɓace mini. Ɓat. Ina ta juya hannu a iska kamar mai kiran kaji. Ya dube ni ya ce, "Ludayi?"

Shi. Shi ya ba ni kalma.

Ba yau kaɗai ba ne. Shafi ɗaya na littafi sai in karanta in sake, ban riƙe komai ba. Jiya na kira jikata da sunan ƙanwata da ta rasu. Kaina kamar an cusa auduga. Sati uku kawai na yi a kujera. Shi kuma—

A'a. Ba zan yi wannan lissafin ba.

Laraba, 8 ga Fabrairu

Rana mara kyau. Ya fita kwashe ƙanƙarar ƙofa bai dawo ba. Ina ta kiran sunansa ta taga, ba ni da ƙafar bi. Gordy ne ya tsinto shi can bayan coci, da shebur a kafaɗa, wai yana neman tashar jirgi kada a tashi a bar shi. Kunnuwansa sun yi fari don sanyi.

Gordy ya kira Kirsten kafin in hana shi. Ta ce ɗakin yana nan, ranar tana nan.

Da yamma ya zauna a tsohuwar kujerar, shiru. Na ga mutumin bara ya dawo. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Kwanonin can ba za su wanke kansu ba." Ya tashi.

Talata, 14 ga Fabrairu

Gordy ya kai mu wurin likitar Reino. Gwajin da aka saba: ta faɗi kalmomi biyar ya riƙe, ya zana agogo, ya yi ƙidaya da baya. A gwajin da aka yi masa da kaka, kalma ɗaya ya tuna, agogon kuwa duk lambobin a gefe guda suka taru. Yau ya kawo uku. Agogon ya fito agogo.

Ta ajiye biro ta ce me ya canja a gida.

Ya ce, "Matata ce ta karye. Ki rubuta wa kowa irin maganin."

Ta yi dariya har da share ido. Sannan ta ce kada mu ruɗi kanmu, ciwon bai tafi ba, ba kuma zai tafi ba, wasu ranakun za su fi wasu. Amma motsin jiki, ko na shara ne, yana taimaka wa hankali ya tsaya wuri ɗaya, girki kuma dole sai ka tsara me za ka fara me zai biyo. Wai kan da ba a ba shi aiki yakan yi tsatsa da wuri. Ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Da ma ta kalla, da ya fi sauƙi.

A mota na gwada tuno kalmomin nan biyar a zuciyata. Biyu na samu.

Lahadi, 26 ga Fabrairu

Kirsten ta zo da akwatin da za a zuba masa kaya. Ta tarar da shi yana fitar da burodi daga tanda, da tawul a kafaɗa. Ta tsaya a bakin ƙofa baki buɗe.

Bayan mun ci ta fara, "Mama, game da Baba..."

Ya ce, "Ga ni nan, 'yar nan. Da ni za ki yi."



"Na san na ɓata kwanan baya. Na san ranar tafiyata tana zuwa, ni ba yaro ba ne. Amma ba wannan watan ba. Wa zai ciyar da uwarki? Kalle ta, ko ƙwai ba ta iya soyawa."

Kirsten ta fashe da kuka, tana dariya a ciki. Ta fita baranda ta yi wa gidan tsofaffin waya. Sun ce za su mayar da sunansa baya, zuwa bazara a sake dubawa. Gordy zai sa wa ƙofa ƙararrawa, don in ji in Reino ya fita. Akwatin ta tafi da shi yadda ta kawo shi.

Juma'a, 3 ga Maris

An cire siminti. Ƙafar ta tsotse kamar ta kaza.

Tun a hanya na tsara yadda zan karɓi kicin ɗina. Na shiga na ga ya sauya wa komai wuri: tukwane a rataye jikin bango, kofuna a kife cikin aljihun teburi, wai haka ake yi a jirgi, kada su faɗi in ruwa ya yi fushi. Na buɗe baki ke nan sai ya turo mini kujera da ƙafa, ya dire kwanon karas a cinyata.

"Sabon hannu daga nan yake farawa. Kankare."

Ba wai na bar masa ba ne. Ƙafar ce ba ta jure tsayuwa tukuna. Kuma an ce in riƙa motsa hannu, ni ma.

Ya duba ya ce ina kankarewa da kauri, ina ɓarnar abinci. Ni! A kicin ɗina!

Na dubi ɓawon. Da ɗan kauri kam.