Kwamfutar Baba Ta Koma Sabuwa

Escanaba, Michigan
Watan Nuwamba

Zuwa ga ƙanina Glenn,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Noreen da yara, kamar yadda muke a nan. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinka, ya kuma sauwaƙe wa Noreen ciwon bayan nan da ka ce yana hana ta sakat. Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna alhali muna gaisawa ta waya. To, maganar da ke tafe da ni ba ta waya ba ce, don na san halinka, kafin in kai tsakiya ka katse ni da dariya. A nan sanyi ya sauka da wuri, ƙanƙara har ta fara kama bakin tafki, kai kuwa kana can Dunedin kana shanya ƙafa a rana. Maza duk sun watse daji farautar barewa, gari ya zama namu mu da karnuka. Gwaggo Beverly an yi mata aikin ido, yanzu gani take tar, kuma abin da ta fara gani shi ne ƙurar saman firijina. Travis ɗana ya samu aiki a Green Bay, yana kiran waya duk ranar da ya tuna yana da uwa.

Baba jikinsa da sauƙi, yana cin abinci, masu kula da shi a gidan tsofaffi ma suna ƙoƙari. Amma mantuwar ta yi nisa tun zuwanka na ƙarshe, ba zan ɓoye maka ba. Ya daina gane ni, Glenn. In na shiga ɗakinsa sai ya gyara zama ya ce sannu da aiki Malama, ya ɗauka ɗaya ce daga cikin ma'aikatan. In na gyara masa bargo ya yi godiya, in zan tafi ya ce in gaida mutanen gida. Wannan ladabin ne yake ci mini rai. Gara mini faɗan da yake yi mana dā a kan barin fitila a kunne. Ba wani abu mai yawa nake nema ba, so nake ko sau ɗaya ya dube ni ya san 'yarsa ce a gabansa. Wata ma'aikaciya mai kirki, Yolanda, ita ta ba ni shawara in kawo masa wani abu da hannunsa ya saba da shi, wai sau da yawa hannu yakan riƙe abin da kai ya saki. Nan take tsohuwar kwamfutarsa ta faɗo mini a rai.

Kana tuna ta ai, Commodore ɗin nan da ake jonawa da talabijin ɗin falo, wadda marigayiya Mama take cewa ta shigo gida ta ƙwace mata miji da 'ya'ya da shirinta na yamma. Kana tuna yadda Baba zai dawo daga masana'antar takarda da mujalla a aljihun kwat, mu buɗe shafin da aka jera umarnin wasa, kai kana karantowa ni ina bugawa, shi yana tsaye a bayanmu da sigari a baki yana cewa a hankali, a hankali? Mu shafe yinin Asabar cur muna bugawa, mu ce ta tashi, ta ce akwai kuskure, mu koma neman lamba ɗaya tak da ka tsallake don hankalinka yana kan kwanon alewa. Har yau ban yarda ni na yi kuskuren ba. Sannan ga kaset ɗin da muke adana aikin a ciki, wanda in ka sa a rikoda sai ka ji yana ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Da wasan kamun kifin da Baba ya rubuta da kansa, wanda kwalekwalen ya fi kama da takalmi, amma ba mai ikon faɗa. Hayaƙin sigarinsa ya rina jikinta ta koma ruwan ɗorawa kamar haƙoran mai shan taba, ga ƙunar da sigari ya yi mata a kusurwar dama, ga sitikar kifi da ka liƙa ka sha faɗa, ga sunansa Wendell da ya rubuta a ƙasanta da baƙin alƙalami. Duk wannan nake so ya gani ya shafa.

To, ka san mutumin naka, mijina Dwight. Tun da ya yi ritaya ɗakin ƙasa na gidanmu ya zama makabartar kwamfutoci, sai dai nasa matattun tashi suke yi. Suna da ƙungiya, duk wata suna haɗuwa a zauren coci, dattawa masu furfura da tumbi, kowa rungume da akwatin robarsa, suna gardama a kan wadda ta fi sauti mai daɗi a cikin injinan da jikokinsu ba su san ko na gasa burodi ba ne. Na ce masa ya duba mini ta Baba kawai, ya tabbata tana tashi. Kalmar da na faɗa ke nan, ya duba. Sai na tafi Marquette jinyar Gwaggo a ƙarshen Satumba. Ashe mutanen nan suna da wata al'ada, in roba ta tsufa ta canza launi sai su kwance ta, su shafe ta da man nan da masu gyaran gashi ke mayar da baƙin gashi fari da shi, su naɗe a leda su shanya a rana. Ina dawowa na tarar da shi a bakin ƙofa yana washe baki, ya ce in rufe ido yana da abin mamaki. Na buɗe ido na ga wata kwamfuta fes a kan tebur, ba ƙuna, ba kifi, ba suna, har madannan da yatsun Baba suka cinye ya canza su da wasu. Bai tsaya nan ba, ya je ya lallaɓi wani abokinsu ya ba shi kwalinta na asali, da farin soson ciki da littafinta, don a wajensu kwamfuta ba kwali kamar mutum ne ba takalmi.

Glenn, na yi faɗan da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Na ce masa wa ya aike shi, na ce da Baba ne aka ba shi ya duba, ina jin shi ma da ya shafe shi da man gashi ya shanya a rana. Shi kuwa bawan Allah ya tsaya baki buɗe yana cewa haba Rhonda, haba uwar gida, ai gyara ya yi, wai ko a wajen taron shekara na ƙungiyarsu ba za a samu mai kyanta ba, wai ƙunar nan sai da ya yini yana goge ta. Na ce to sannu da ƙoƙari, shekara arba'in na ubana ka yini kana gogewa. Sai a lokacin ya gane abin da ya yi, na ga fuskarsa ta faɗi. Ya ce zai nemo sitikar kifi irin taka a intanet, har ya ce in ina so ya kunna sigari ya sake ƙona wurin. Da ba a cikin fushi nake ba da na yi dariya. Na tura kwalin ƙarƙashin gado, na yi makonni ban kula shi ba, kwalin da mai kwalin duka.

Ran Lahadin da ta wuce bayan an tashi daga coci, Dwight ya ɗauko kwalin ya sa a mota. Ya ce ko ba ta yi amfani ba, ai ba abin da za mu rasa wanda ba mu riga mun rasa ba. Na shiga mota. Muka tarar da Baba a kujerarsa ta bakin taga yana kallon masu kwashe ƙanƙara. Ya yi mana sannu da aiki kamar kullum. Dwight ya ajiye kwalin a kan gado, ni kuma na juya ina cire safar hannu don kada in ga yadda zai dube shi bai san ko mene ne ba.

Sai na ji Baba ya ce kai, kai, a rufe ƙofa. Na juyo na ga ya miƙe tsaye da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba sai an kama shi. Ya dafa kwalin da hannu biyu, ya ɗaga murfin a hankali, ya leƙa, ya shafa robar nan mai sheƙi, idonsa yana ƙyalli. Ya dubi Dwight ya ce malam, kai ne na kantin, ai cewa na yi a kawo mini wurin aiki, yanzu in yaran suka gani fa? Dwight, Allah ya yi masa albarka, bai yi gardama ba, ya ce a yi haƙuri ranka ya daɗe, kuskure aka samu. Baba ya ce ba komai, a taya shi ɓoyewa a kabad bayan kaya kafin Kirsimeti. Ka gane abin da ya faru? Da tsohuwar muka kai masa mai ƙuna da kifi, ban san abin da zai ce ba. Amma da ya gan ta sabuwa a kwalinta, sai ta mayar da shi ranar da ya sayo ta.

Sannan ya jawo hannuna, ya rage murya, ya ce Malama, kin iya riƙe sirri? Na ce na iya. Ya ce yana da yara biyu, mace da namiji. Wai matarsa ta ɗauka don namijin ya saya, kowa ma haka zai ɗauka, shi kuma ba zai musa ba don kada yaron ya ji babu daɗi. Ya ce Glenn yaron kirki ne, ga barkwanci, zai yi wasa da ita ya ji daɗi, in ƙanƙara ta narke ya jefar ya koma ƙwallonsa. Amma yarinyar, Rhonda, ya ce wannan sai ta ga abin da ke cikin cikinta za ta huta, wai ta taɓa kwance masa rediyo ta mayar bai sani ba, ko dai ta ɗauka bai sani ba. Ya ce saboda ita ya saya, don kanta ya fi nasa shi uban, kuma ba ya so ta ƙare a inda ya ƙare. Ya ce kada in kuskura in gaya mata, don ba ya so kanta ya kumbura, dama tana da baki.

Ni da na yi shekara talatin ina rubuta manhaja a asibiti, kullum ina ɗauka a kwamfutar ƙanina na koya, a gefe, da rabon da ya rage. Bai taɓa faɗa mini ba, ka san Baba da yabo, sai dai ya ce ba laifi. Na tsaya a gabansa hawaye na zuba, yana riƙe da hannuna, yana kiran sunana, bai san ni ce ba. Ya ce Malama lafiya, ko mura ce? Na ce mura ce. Ya ce in sha shayi da zuma. Dwight yana can ya juya baya yana ta gyaran soson kwali da babu abin da ya same shi. A mota ban ce masa na yafe ba, shi ma bai tambaya ba, na dai tsaya na saya masa burodin naman nan da yake so.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Yolanda ta ce tun ranar kullum sai ya buɗe kabad ya duba kwalin, ya tambaye ta saura kwana nawa Kirsimeti. Mutumin da ba ya tuna ko ya karya kumallo, wannan ya riƙe shi gam. Ya sa ta samo masa takardar naɗe kyauta, kuma ya ce yaran biyu za su buɗe tare, ba wanda zai riga wani. Na san tafiyar da nisa, na san lokacin hutunku ne da yara, na kuma san ka ce sai baɗi. Ba na jin Baba yana da baɗi irin wadda kake nufi. Ba zan yi maka alkawarin zai gane mu ba. Yana iya duban mu, ni da furfurata kai da sanƙonka, ya ce ina yaran suke. In ya faɗi haka, ba na so ya zama ni kaɗai ce a tsaye a wurin. Ka zo, Glenn. Ka zauna a ƙasa kusa da ni mu yage takardar, ka yi ihun nan da ka yi a wancan karon, ko da gwiwarka za ta yi ƙara wajen tashi. Kuma ka yi kamar ba ka san don wa aka saya ba, don na yi masa alkawarin riƙe sirri, ga shi tun ba a je ko'ina ba na fasa maka.

Ka gaida mini Noreen da kyau, ka ce ina roƙon arziki ta ba ni aron mijinta. Ka gaida Tessa da Callum, ka ce gwaggonsu tana kewarsu. Gwaggo Beverly tana gaishe ka, ta ce yanzu da idonta ya buɗe tana so ta ga ko ƙibar da ake faɗa gaskiya ce. Travis yana gaisuwa. Dwight ma yana gaishe ka, ya ce zai je ya ɗauko ka a filin jirgi, ya kuma ce ka yafe masa kifinka. Allah ya kiyaye hanya, ya kawo ka lafiya, ya sa ka same shi da sauran ƙarfinsa.

Ni ce yayarka mai jiran amsarka,
Rhonda