Kiran da Auta Take Amsawa

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uban da ya daɗe bai sa 'yarsa a ido ba, da fatan takardar nan za ta same ku ke da maigidanki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a aikin asibitin da kike yi. Mu nan sai godiya. Ƙafar mahaifiyarki ta yi sauƙi, har tana hawa bene ba ta dafa bango. Yayanki ya karɓi kula da ɗakin ƙyanƙyasar kaji a gonarmu, ko da yake har yau sai na bi bayansa na duba fitilu.

Na zaɓi rubutu ne domin a waya kina saurin ce mini "to, Baba" ki wuce. Maganar ɗanki ce da kika bar mana. Kin san ya shiga shekara ta uku bai ce uffan ba, likita kuma ya ce kunne da harshe lafiya lau. Ni sakandare ma da ƙyar na gama, amma da kaji 'yan tsiraru na fara a bayan ɗaki, ba wanda ya ɗora ni sai Allah, kuma abin da kiwo ya koya mini ba zan ji kunyar faɗarsa a gaban kowa ba. Kaza ba ta san bokiti ba, amma tunda abinci ke biyo bayan ƙararsa, da an taɓa shi sai ta sheƙo. Ƙwarkwatar kaji ma haka. Maganin feshin da ke gamawa da su da can yanzu wanka yake yi musu, saboda 'yan kaɗan ɗin da suka jure su ne suka hayayyafa, jikokinsu muke fama da su. Haka Ubangiji Ya tsara halitta: abin da ya haifar da ɗa mai ido shi ke zama, wanda bai haifar ba ya shuɗe.

Da wannan idon na zauna a falo na dubi yaron. Sai na ga tausayinmu ne ya ɗaure masa baki. Kowa na cewa uwarsa ba ta nan, kada a bar shi ya nema. Ya dubi firij, mutum uku sun miƙe. Ya turo leɓe wajen ƙofa, an kawo takalmi. To me zai yi da magana? Na tara gida na ce daga yau a tsuguna a gabansa, a faɗi sunan abin, a ɗan jira. Ko rabin kalma ya fitar, a ba shi nan take da fara'a. Mahaifiyarki ta ce na mayar da jikanta ɗan tsako, wai saura na sa masa fitila. Tana kuma miƙa masa abin da yake so a ɓoye, har na nuna mata cewa karen gona ma wanda ake jefa wa ƙashi jefi-jefi ya fi kowane naci a bakin ƙofa. Ta yi fushi, amma ta bari. Sannu ba ta hana zuwa. Ya fara da "uwa", wato ruwa, yanzu har yana korar kyanwa da baki.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar nan ya yi tuntuɓe a dokin ƙofar kicin, leɓensa ya fashe. Ya tashi yana kuka, ya wuce ni, ya wuce kakarsa, ya rungume ƙafar ƙanwarki Auta, ya ce, "Umma." Auta ta amsa kafin ta yi tunani, ta ɗauke shi, sannan ta dube ni idonta cike da ƙwalla. Ba wanda ya koya masa. Hotonki muke nuna masa kullum muna cewa ga Umma, amma hoto bai taɓa ɗaga shi daga ƙasa ba.

Auta ta tambaye ni ko ta daina amsawa, don kada ta shiga haƙƙinki. Na juya abin a raina. In ta daina, yaron zai koyi cewa wannan kiran ba ya kawo kowa, ya yar da shi, ni kuwa ba zan koya wa jikana haka ba. In ta ci gaba, sunan ya zama nata. Hanya ta uku ba a hannuna take ba.

Kin ce masu asibitin suna so ki sabunta kwantiragin aikinki. Ban taɓa hana ki neman na kanki ba, ni na koya miki shi. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki zauna da maigidanki: ko ki dawo, ko ki zo ki ɗauke shi, duk da gidan zai yi mana faɗi. Na ce wa Auta ta riƙa amsawa a madadinki, aro ne. Sai dai yaro bai san aro ba, Uwata.

Mahaifiyarki, yayanki da matarsa, da Goggo suna gaishe ki. Auta ta ce a roƙe ki gafara, na ce ba ta yi laifi ba. Ki gaida maigidanki da ƙaninsa da ke wurinku. Allah Ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki.