Tukunyar da ke Ƙarƙashin Maƙerar Baba

Alhamis, 1 ga Afrilu 1971

Kai mai leƙen littafin tsohuwa, tunda ka buɗe ba sallama, ga ladanka. An saye shi, bai bar gidan uwarshi ba. An maido kuɗinshi, ba a maido shi ba. Wane ne? In ka gaza ka ba ni gari, amma ban da Tajaye, nan nake zaune.

Wagga tambaya ba ta cikin waɗanda nake yi ma jikoki. Yau ta zo mini. Ɗana Alhaji Isufu ya sa Bala mai haƙar rijiya shi haƙa mashi tushe a kangon maƙerar Baba, inda yake son gina shago. Kamu huɗu ƙasa diga ta fasa tukunya. Kwabbai ne na jan ƙarfe, duk sun yi tsanwa, kowane da huda a bakinshi. Gari ya taru ana cewa dukiya, dukiya. Na leƙa sau ɗaya ta bayan mutane, na ce gwiwata na ciwo, na dawo gida.

Gwiwata lafiya lau take.

Asabar, 3 ga Afrilu

Malam Hamani na lakwal, makarantar boko, ya kwashe su zuwa ɗakinshi, da yardar maigari. Shi ya koya mana karatun manya bara waccan, shi ya ba ni littafin ga. Bazabarme ne, dogo kamar sandar kakkaɓar goruba, shekararshi ba ta kai talatin ba. Angona nake ce mashi, shi kuma shi ce: "Kaka Tsahara, sai kin yi sababbin haƙora."

Ya zo da hantsi yana rawar jiki. Wai ni ce ɗiyar mai maƙerar, mi na sani? Na ce aljani ne ya zo gyaran takalmin doki ya biya Baba da su. Ya fara rubutawa! Sai da ya ga ina dariya ya aje alƙalami.

Litinin, 5 ga Afrilu

Na je na gani. Malam Hamani ya shimfiɗa su kan tebur bisa farin ƙyalle, ya wanke su da lemun tsami, ga wani ƙaton littafin Faransanci da wani Nasara na Yamai ya ara mashi, cike da hotunan kuɗi.

Ya yi mini wa'azi kamar liman. Wai can da, shekara dubu da ɗoriya, sarakunan Rum suna buga kwabo da hoton sarki tsaye, riƙe da sanda mai gicciye a kai, bayan kwabon kuma wani babban harafi mai ƙafafu. Da Larabawa sunka ci ƙasar Sham, mutane ba su yarda da wani kuɗi ba sai irin wanda sunka saba, sai maƙeran can sunka riƙa kwaikwayo. Wasu ba su iya karatun Rum ba, haruffa sunka fito a juye. Wasu sunka cire gicciyen sunka bar sanda tsura. Masana kuma sun raba su gida-gida, kowane da lambarshi.

A cikin tukunyar, kwabo guda ɗaya ne ya dace da littafin, wani siriri da ya sha hannu. Sauran duka ba su da gida. Sarkinsu ba kambi, kanshi ƙato, ƙafafu gajeru, hannu a buɗe. "Kaka, wani iri ne da ba a taɓa gani ba. Ni zan fara rubuta shi."

Na ce: "Ango, sarkin ga naka bai yi kama da mai sarauta ba."

Ya ce rashin gwanintar maƙeri ne.

Baba bai taɓa rashin gwaninta ba.

Talata, 6 ga Afrilu

Rana tsaka ina gyaran wake, na ji ƙis, ƙis, kamar ƙarfe na taɓa bakin ƙwarya. Ba kowa a gidan. Akuya ma tana barci.

Laraba, 7 ga Afrilu

Bari in rubuta, takarda ba ta da baki.

Siririn nan kakan Baba ya zo da shi daga hanyar hajji. Baba ya sassaƙa ƙarfen bugu ya kwaikwaye shi, amma ya mai da sarkin jinjiri. Aikin mata masu wabi ne, waɗanda ɗiyansu ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar suna uwa ta kai jinjiri maƙera ta aje shi kusa da uwar maƙera, ƙarfen da ake bugu a kai, ta ce ta sayar. Baba shi buga kwabo sabo da zafinshi, shi miƙa mata shi ce: "Na saya, ki riƙa mini shi." Wai in mai ɗaukar rai ya zo shi tarar yaron ba nata ba ne, na maƙeri ne, shi wuce. A ɗaura kwabon a ƙafar yaro. In ya kai yaye, a ɗinke shi cikin fata shi zama laya. In bai kai ba, uwa ta maido kwabon, ba ta cewa komi, Baba ma ba ya cewa komi, shi ɗaga dutsen da ke bakin tukunyar da ke binne nan maƙera shi saka.

Ina yarinya na ɗauka asusu ne.

Babu ɗan da ya rayu a cikin tukunyar can, ko ɗaya.

Juma'a, 9 ga Afrilu

Malam Hamani ya ce Nasaran zai zo da mota ran 22 shi tafi da su Yamai. Za a sa su cikin akwatin gilashi da takarda a gefe, mutane su riƙa wucewa suna kallo.

Na gaya ma Isufu bayan masallaci. Fuskarshi ta sake. "Inna, don Allah ki bar maganar ga. Aikin jahiliyya ne. Kina son a ce gidanmu anka yi shi? Su tafi da su, a huta." Na ce kai ma an saye ka. Ya ce ya sani, nashi tuni ya jefa shi a teku a hanyar Jidda. Na ce to kifi ya tsira.

Bai yi dariya ba. Ni ma da ya fita ban yi ba.

Tsofaffin gari duk sun sani. Na gamu da Takama uwar Bala a bakin rijiya, munka gaisa, ta tambayi zafi, na tambayi jikoki. Idonta na kan bakina, nawa na kan nata.

Lahadi, 11 ga Afrilu

Ƙis, ƙis. Yau daga bayan randa.

Talata, 13 ga Afrilu

Na yi niyyar sata, kuma ba na jin kunya. Na kai ma Malam Hamani fura lokacin da na san yana aji, ɗakin kuwa ba kuba. Na tsaya gaban tebur. Guda ɗaya nake so, nawa.

Na ɗauki wannan, na aje. Na ɗauki wancan. Na shinshina, wallahi na shinshina kamar tunkiya. Duk fuska ɗaya, duk hannu a buɗe. Wata bakwai ina wanke ƙafar da yake ɗaure, kullum yana buga bakin ƙwaryar wanka, amma ban gane shi ba. Wace irin uwa ce wannan.

Nan Malam Hamani ya same ni. "Kaka, kin zo ganin kayan lefe?" Na ce na zo in ga ko angona na share ɗaki. Ya jawo mini kujera, bai tambaya ba.

Alhamis, 15 ga Afrilu

Ban fita ba. Jikoki sun zo tatsuniya da la'asar, na fara ta kura da biri na manta tsakiyarta. Sun ce Kaka ta tsufa.

Asabar, 17 ga Afrilu

Malam Hamani ya aiko in zo in ga abin mamaki. Ya daina tara su gungu-gungu, ya jera su layi ɗaya daga bakin tebur zuwa baki, har ya ƙara da benci.

Ya ba ni gilashin ƙara gani. Kusa da kunnen sarkin akwai wani ɗan layi kamar gashi. A na farko babu shi. A na gaba ya ɗan fito. Ana tafiya yana tsawo, yana kauri, har ya ratsa kumatu ya sauka wuya. "Ƙarfen bugun ne ya tsage, Kaka, kowane bugu tsagar na ƙaruwa. Ban san shekarunsu ba, amma na san wanda ya riga wani."

Na ce: "Kowane? Ba kuskure?"

Ya ce ƙarfe ba ya komawa baya.

Na zauna. Sannan na ce: "Ango, rufe littafin Nasara. Wanda ya buga su ubana ne, ni nake ja mashi zugazugi." Na gaya mashi duka.

Ya ɗauka wani aljanin ne kuma, yana jiran in yi dariya. Da bai ga dariya ba ya cire tabarau ya riƙa goge shi da bakin riga. Ya ce ya riga ya rubuta ma Yamai wasiƙa biyu. Ya ce: "Za su ce malamin ƙauye ya ga hayaƙi ya ce gari ne." Na ji tausayinshi, yaron kirki. Can ya dubi layin daga farko har ƙarshe ya ce a hankali: "Duk waɗannan?" Na ce duk.

Ya ce: "Akwai naki?"

Na ce rana ta yi, zan tafi.

Litinin, 19 ga Afrilu

Na je gidan Takama. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce Balanki da nawa kwana uku ne tsakaninsu, shekarar da fara ta ci gero, naki ya riga. Ina son a farke layarshi.

Ta ce: "Tsahara, shekara arba'in ba ki kira yaron nan ba." Na ce yanzu ma ban kira ba.

Bala ya tsorata. Ƙato mai shiga rijiya gaba goma sha biyar, ya riƙe damtsenshi kamar za a yanke. Bai taɓa sanin abin da ke cikin fatar ba. "Inna, in an buɗe na faɗa rijiya fa?" Uwar ta ce: "Wanda ya saye ka ya mutu tun ba ka yi gemu ba, ka ga an zo karɓarka? Miƙo hannu."

Munka tafi mu uku. Malam Hamani ya farke ɗinkin da reza. Kwabon Bala ja wur, bai ga ƙasa ba. Ya bi layi da shi yana gwadawa, gaba, baya, gaba, sai ya buɗe wuri tsakanin biyu ya aje shi. Ya sa yatsa kan na hannun dama. Tsagar ta fi ta Bala da kamar ƙwayar gero.

Ya turo mini shi.

Na ce: "Wannan? Ai mummuna ne, dubi kunnenshi." Na damƙe shi a tafina. Takama ta riƙe ni. Ita ma tana da biyu a layin, kafin Bala, ta ƙirga baya da yatsa tana kiran iyayen: na Salamatu, na matar Ayuba mai jaki, nata, na Amina gurguwa, nata.

Laraba, 21 ga Afrilu

Tun hantsi tsofaffi ke shiga ɗakin malami ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ce ta zo gaida shi. Ni da Takama mun san jerin haihuwar garin ga fiye da buron gwamnati na Illela. Muna faɗa yana rubuta suna a ƙaramar takarda yana sakawa ƙarƙashin kowane. Inda munka yi gardama, tsaga ta raba mu. Sau biyu ta ba Takama gaskiya, ban yafe ba.

Waɗanda iyayensu sunka mutu ko sunka bar gari, liman ya ce a mai da su ƙasa, ba laifi, a yi masu addu'a. Isufu ya ji a kasuwa. Bai zo gaishe ni ba.

Alhamis, 22 ga Afrilu

Motar ta zo. Nasaran ya tafi da siririn nan guda, da takardar da Malam Hamani ya rubuta. An ce ya yi dariya da farko, daga baya ya nemi ganin layin, anka ce mashi layi ya watse cikin gari.

Lahadi, 25 ga Afrilu

Isufu ya matsar da tushen shagonshi taku goma gabas. Ya ce ƙasar wajen ba ta da ƙarfi. Na ce haka ne, ɗana, ba ta da ƙarfi.

Laraba, 28 ga Afrilu

Na fita neman ganyen tafasa, ko da yake na san ba lokacinshi ba ne. Ƙafa ta kai ni bayan tsohuwar ganuwa, gindin aduwa, inda ake sa ƙanana. Ban taɓa zuwa ba. Ranar da anka binne nawa ma ban tambayi wajen ba, na tafi daka. Ba alama ko ɗaya, awaki sun tattake. Na zauna har inuwa ta juya. Na ba su tatsuniyar kura da biri, duka, har tsakiyar, tunda ban san wane gefe yake ba. Ba wani abu ba ne, gwiwa ce ta gaji na huta.

Kwabon na ɗaure a bakin zanena tare da goro. Gobe in Allah ya kai mu zan koma, wataƙila tafasa ta fito.

Kai mai leƙe, riƙe garinka. Ɗan mai wabi ne. Sunanshi Jibo, ɗana na uku, ya yi wata bakwai da kwana tara.