Tsiren Baba a Awali

Daren Juma'a, Madina

Wa ya ce hannun Baba ya bi shi kabari? Kawu Sale ne ya faɗa, gaban kowa, da muke shirin fita gonar dabino a Awali. Wai tun da Baba ya rasu babu mai iya tsire a gidanmu, a sayo mandi, shinkafar Larabawa da nama, a titin Sultana kawai. Na ce ni zan gasa. Ya yi dariya: "Kai da komai naka a littafi yake? Yallah, kar ka ƙona mana rago."

Jiya wuni muka yi da Inna muna matse man gyaɗa har ƙuli-ƙuli ya fito, don na kanti ba ya kama nama. Yatsuna har yanzu zugi suke.

Duk da haka Kawu ya zo da mandinsa, wai ko-ta-kwana. Wallahi ko buɗe shi ba a yi ba. Yaran gidanmu su Rayan da ba sa amsa Hausa sai ga su suna ihu, "Yaya, ƙara yaji!" Inna ta ci tsinke ɗaya, ta juya baya tana share ido da gyale.

Kawu kuwa na kama shi bayan dabino, hannu cike da tsinke, mai yana bin gemunsa. Muka haɗa ido, ya ce, "Ba laifi."

Ba laifi? A gaban kowa ka kushe ni, Kawu. Juma'a mai zuwa, a falon Inna, gaban kowa za ka faɗa: wa ya gaji wutar Baba?