Tabar da Aka Sa wa Sunan Baba

Estelí, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Socorro,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya San José, yaya ƙafar nan taki? Ina fatan kumburin ya sauka. Mu nan lafiya lau, Baba ma da sauƙi.

Akwai abin da ke cina a rai. Tun da Renato ya karɓi masana'antar tabar da nake aiki daga hannun mahaifinsa, ya fito da sabuwar tabar puro, mai kaurin nan da ake naɗawa da zallan ganye, baƙa wuluk, irin mai ƙarfin nan da Turawa ke so. Ya sa mata sunan Baba, Don Eulalio, har da hotonsa a jikin zoben takardar da ake sa wa kowane kara. Wai karramawa ce ga wanda ya yi musu shekara arba'in yana haɗa ganyen taba. Baba sai murna yake yi, kullum sai ya tambaye ni ko an goge farar rigarsa ta ranar bikin ƙaddamar da tabar.

Yaya, ni nake naɗa tabar nan, na san abin da ke ciki. A jikin akwati an rubuta ganyen ya shekara biyar a ajiye. Ƙarya ce. Ganyen bara ne, ana tsoma shi cikin ruwan rake da rini a rumfar baya don ya yi baƙi. In an buɗe damin, zarni yake yi kamar makewayin tasha. Tafin hannuna ya rine, shinkafa da wake ma da cokali nake ci yanzu saboda ƙyama.

Ban gaya wa Baba ba. In na gaya masa, kin san halinsa, kuma yarana biyu da wannan aikin suke ci. Ki ba ni shawara.

Ƙanwarki,
Yadira

2 ga Afrilu

Yaya Socorro,

Bayan gaisuwa, na ga wasiƙarki. Kin ce in yi shiru, na kuwa yi. Ga yadda ta ƙare.

Ranar Asabar da hantsi aka yi bikin a tsakar masana'anta. Dillalai sun zo daga ƙasashen waje, kowa da karan tabarsa da kofin giyar rake. Da kin gan su! Wannan ya lumshe ido ya ce yana jin ɗanɗanon cakulan, wancan ya ce barkono da gasasshen kofi. Wani mai jan wuya yana ta zuba yabo, leɓensa ya yi baƙi da rini, yawu mai launin kwata yana taruwa a gefen bakinsa. Sai da na kau da kai.

Renato da kansa ya kunna wa Baba. Baba ya zuƙa sau uku, ya ajiye. Ya jiƙa hankicinsa a kofin ruwa, ya murza jikin tabar, ya ɗaga hankicin kowa ya gani. Ya ce, "Wannan ba taba ba ce, fenti ne. A cire mini sunana."

Renato ya dafa kafaɗarsa yana dariya, ya ce, "Ku yi haƙuri da tsohonmu, harshen ya yi ritaya tun kafin mai shi."

Suka kwashe da dariya, Yaya. Mai baƙin leɓen ma har da tafi. Kafin azahar sun saye duk abin da muka naɗa.

A hanyar gida Baba ya kama hannuna, ya juya tafin ya duba. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce wata biyu. Ya saki hannun. Ran Litinin Renato ya sallame ni, wai ni na kai tsegumi. Ina ma a ce na kai ɗin.

Taki,
Yadira

13 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidan. Kada ki tayar da hankalinki, wata ƙaramar masana'anta a hanyar Condega ta ce in fara bayan bikin Ista.

Baba ya daina yi mini magana tun ranar. In na ajiye abinci ya ci, in na gaishe shi ya ɗaga kai kawai. Jiya da la'asar na same shi a baranda ya buɗe tsohon akwatin katakon nan, ya fito da ganyen da ya ɓoye tun shekarar da Mama ta rasu. Laushi kamar fatar da ta sha mai. Ya yi ta ƙoƙarin naɗawa, har ya yaga ganye biyu. Sai ya turo mini allon naɗin da wuƙar yankan ganye, bai dube ni ba.

Na naɗa. Ya kunna a hankali, hayaƙin ya fito mai kauri, tokar fara tas ta tsaya ba ta zuba. Ya miƙo mini na zuƙa. Nauyinta ya cika mini baki ya sauka har ƙirji, amma ba ta ƙona maƙogwaro, ɗacin ma mai daɗi ne, ƙamshin ƙasar gonakin Jalapa bayan ruwan farko. Sai da na zauna don kaina ya ɗan juya. Muka kusa awa guda muna karɓa-karɓa.

Da ta kusa ƙarewa ya duba guntun, ya ce, "Kin cika matse kan tabar, 'yar nan. Gobe ki sassauta."

Na tashi na shiga kicin na yi kukana.

Ki gaida yara. Ki turo maganin tarin nan idan kin samu mai zuwa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Yadira