Sandar da Na Ɗaga Saboda Alassane

Pleasant Garden, 6 ga Afrilu

Zuwa ga aminina Alassane,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan jiki yana ƙara sauƙi. Ina uwargidanka Hajiya Fourera, ina ɗiyarka Ibtissam da maigidanta Rachid? Allah ya saka musu da alheri kan ɗawainiyar da suke yi da kai.

An ce mini magana tana yi maka wuya a telefon, shi ya sa na ɗauki biro. Na san Hajiya za ta karanta maka.

Jirgin ruwanmu mai tantin iska yana nan bayan gidana bisa tirelarsa, ganye ya cika shi. Ranar Asabar na yaye tamfol ɗin, karo na farko tun watan Oktoba. Na zauna inda kake zama, na jawo sandar nan ta kwance mai riƙe ƙasan tantin iska, wadda Amurkawa ke kira bum. Daidai kunnena ta tsaya. Kai kuwa ka fi ni tsawo. Shekara biyu muna sunkuya mata muna dariya, ba wanda ya ce a gyara.

Zan ɗaga ta. Na auna sau biyar, na goge alamar, na sake aunawa. Santimita talatin. Sai na cire mahaɗinta daga jikin turken jirgin, in huda sababbin ramuka a sama. Wani tsohon bature a shagon kayan ƙarfe ya ce tantin ma dole a rage shi, kuma jirgin zai rasa gudu. Na ce masa gudu ya ishe ni.

Ba na iya zama wuri ɗaya kwanakin nan. In na taso daga aiki sai in ga kaina kan hanyar garinku Summerfield. Shekaranjiya har na hango motar Rachid a ƙofar gidanku, na rage tafiya, sannan na wuce. Ka gafarce ni.

Naka kullum,
Maazou

Pleasant Garden, 27 ga Afrilu

Aminina Alassane,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki. Rachid ya gaya mini a masallaci cewa ka fara taka ƙafa da sanda. Alhamdu lillahi.

Ramukan sun hudu, mahaɗin ya hau sabon wurinsa. Bakin na'urar huda biyu na karya. Tantin na kai shi garin Oriental, bakin teku, wajen wata mata mai ɗinkinsu. Awa huɗu zuwa, awa huɗu dawowa, ban tsaya ko cin abinci ba. Daga nan ne muka shirya tashi bana, ka tuna, mu yi kwana goma bisa ruwan gishiri, mu biyu 'yan Gaya ta bakin kogi da muka girma cikin kwalekwale. Na tsaya na kalli ruwan, na kasa kai minti biyar.

Matar ta shimfiɗa tantin a ƙasa, ta tambaye ni dalilin yanka lafiyayyen abu. Na ce iska ce ta juya, sanda ta bugi abokina a kai, jini ya taru masa a ƙwaƙwalwa. Haka na gaya wa likitoci, haka na gaya wa Hajiya, haka na gaya wa jama'ar masallaci. A hanyar dawowa na ji ba zan iya sake faɗar wannan maganar ba.

Alassane, ba iska ba ce. Ran nan a tafkin Belews, ka ce mini ka fasa tafiyar teku saboda hankalin Hajiya bai kwanta ba. Raina ya ɓaci. Kana tsaye kana naɗe igiya, kana ba ni haƙuri, ni kuwa na tura sandar tuƙi da ƙarfi don mu koma gaɓa, jirgin ya juya, sandar tantin ta taso kanka. Ban ce ka sunkuya ba. Kullum ina faɗa, ran nan fushi ya rufe mini baki. Wallahi ban nufe ka da cuta ba, amma hannuna ne ya juya jirgin.

Hajiya Fourera, na san ke kike karantawa. Kada ki tsallake wannan wurin. Ki karanta masa duka, sannan ki yi da ni yadda kika ga dama.

Maazou

Pleasant Garden, 19 ga Mayu

Zuwa ga Hajiya Fourera,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun isa gida lafiya jiya, kuma gajiya ba ta tayar wa malam da ciwo ba.

Mako uku ina jiran amsa. Na share jirgin, na sake sharewa, na kafa masa matakala ta katako mai abin dafawa ba tare da na san ko wani zai hau ba. Da na ga motarku ta shigo, sai na fito tarbarku.

Maganar da kika yi mini ta tagar mota tana nan a kunnena. Kin ce tun a asibiti, ranar da aka ba shi allo ya yi rubutu da hannun hagu aka tambaye shi abin da ya faru, “iska” ya rubuta, alhali ya ga hannuna. Kin ce shi ya rufa mini asiri wata bakwai, ke kuwa ba ki kai ga yafewa ba tukuna. Ban ga laifinki ba. Kin ƙi fitowa, kin juya fuskarki wajen titi, shi ya sa nake so ki san abin da ya faru a bayan gida.

Ni da Rachid muka tallafe shi ya hau matakalar, taki ɗaya ɗaya. Ya zauna a wurinsa. Jirgi bisa tayoyi, ƙarƙashin itatuwa, ba ruwa ko ɗigo. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sandar, sai ya yi mini alama da hannu in turo ta. Na ce da ƙarfi, “Sanda na zuwa!” Na turo ta a hankali.

Ya sunkuya, Hajiya. Sandar ta wuce can sama da hularsa, amma jikinsa duka ya dunƙule, ya kare kansa da hannunsa mai lafiya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara ɗaure igiya don mu sauka.

Sai ya kama rigata. Bakinsa ya yi ta kokawa kafin kalmar ta fito. Ya ce, “Kuma.”

Na sake turowa, ya sake sunkuyawa. Ya sake cewa, “Kuma.” A karo na shida ya zauna ƙyam, idonsa a buɗe, inuwar sandar ta bi ta fuskarsa ta wuce. Dariyar da kika jiyo daga mota, ita ce. Rachid ya juya baya yana share ido.

Da muke saukowa ya nuna tayoyin tirelar, ya nuna arewa, wajen tafki. Na gane abin da yake nufi, na yi kamar ban gane ba. Wannan ba maganata ba ce, ba kuma tasa shi kaɗai ba.

Cikin ambulan nan za ki ga ɗan makulli. Na kwaɗon tirelar ne, kuma ba ni da wani. Jirgin ba zai taɓa ruwa ba sai ranar da kika miƙo mini shi da hannunki. In bana ne, to. In ba za ki taɓa miƙowa ba, zan riƙa zuwa ina ɗaukar malam ranar Lahadi mu zauna a cikinsa nan ƙarƙashin itatuwa, in kin yarda.

Ki gaishe shi, ki gaida Ibtissam.

Ƙaninki,
Maazou