Ni Na Sa Aka Rufe Kulob Ɗin Laraba

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle, kuma Asabar mai zuwa ce za a yanke maganar.

Ni dillalin dabbobi ne a nan Dakoro, shekarata hamsin da ɗoriya, kuma ina cikin shugabannin iyayen yara na lakwal, wato makarantar bokon da ɗana yake. Yaron shekararsa sha shida, bana zai yi jarrabawar birebe. Duk wanda ya san ni ya san ina da zafi, ban iya magana ƙasa-ƙasa ba, in na ga abu sai na faɗe shi.

Bara wani mushe, wato malaminsu na kimiyya, ya buɗe kulob duk Laraba da marece, wai ana faɗakar da yara a kan shan ƙwaya da yadda ƴan mata ke ɗaukar ciki su bar karatu. Tun farko abin bai kwanta mini ba. Yara maza da mata a aji ɗaya ana zancen ciki? Haba! Mu da aka haife mu wa ya zaunar da mu ya yi mana wannan bayani?

Rannan ina neman biro cikin jakar yaron sai na ci karo da kaye ɗinsa, wato littafin rubutunsa na kulob. Ga sunayen ƙwayoyi an jera, ga zanen jikin mutum. A tsakiya kuma wata takarda ce daban, an ja mata layuka gida-gida, kowane gida da ɗan kuros, wato alamar gicciye, a ciki. Ban tambaye shi ko mene ne ba. Na yayyaga ta a gabansa, na watsa mishi a fuska, na ce in ya sake taka kulob ɗin nan sai na karya mishi ƙafa. Ya duƙa yana tsince guntayen.

A taron iyaye na miƙe na zazzage wa mushen nan kwandon zagi a gaban daraktan lakwal da mutum ya fi sittin. Na ce ɗan iska ne mai buɗe wa ɗiyan mutane ido. Har na bugi ƙirji na ce ni ɗana ko taba bai san warinta ba, daga lakwal sai masallaci, me zai yi da sunan ƙwaya? Ina tune da yadda mutumen nan ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya rufe. Abin da ya ce kawai shi ne, Allah ya huci zuciyarka Alhaji. Aka tafa mini, aka rufe kulob, aka rubuta takarda a kai wa ansipekta mai kula da malamai a ɗauke mushen daga garin. Hannuna ne na farko a kanta.

Sati uku bayan nan, ranar kasuwa da rana tsaka, yaron na riƙe mini da igiyar rago sai ya yanke jiki ya faɗi, yana shure-shure, kumfa a baki. Mutane suka ce iska ce ta buge shi, har yau haka gari ya sani. Da muka kai shi likita, majo, babban ma'aikacin jinya, ya ja ni gefe ya ce ƙwayar tramol ce ya sha, kuma ya san yaron, don mushensu ya sha kawo shi ranar Laraba bayan kulob. Jama'a, zama na yi a ƙasa da babbar rigata.

Da ya samu sauƙi ya faɗa mini komai yana kuka. Lokacin hutu ni da kaina na haɗa shi da masu koro mini shanu a ƙasa daga Kornaka, wai ya koyi wahala ya zama namiji. Su suka fara ba shi, don kada ya ji gajiya. Da ya ga ta kama shi, shi ya kai kansa wurin mushe, ya roƙe shi kada ya gaya mini. Takardar da na yaga kuwa, kowane kuros kwana ɗaya ne da ya yi bai sha ba. Kwana arba'in da uku ne a jikinta. Ya ce so yake ta cika hamsin ya kawo mini da hannunsa. Bayan na yaga ta aka rufe kulob ne ya koma sha.

Na tafi gidan mushen, ban san ma da wace fuska na yi sallama ba. Na tambaye shi don me bai tona ni ba ranar da nake zaginsa, kalma ɗaya ta ishe shi ya rufe mini baki. Ya ce alkawari ya yi wa yaro, kuma in ya karya na mutum ɗaya babu wanda zai ƙara zuwa wurinsa, mace ko namiji. Ya ce ba ɗana kaɗai ba ne, amma ba zai faɗi sunan kowa ba. Ruwa ya kawo mini, na kasa sha.

To ga inda na maƙale. Takardar na hannun darakta, ranar Asabar iyaye za su taru a tura ta. Na gwada lallaɓar mutum biyu cewa a bar zancen, suka yi mini dariya, wai ko mushe ya shafa mini wani abu ne. Na san mutanenmu, ba za su janye ba sai na faɗi dalili, dalilin kuma ɗana ne. Shi yaron ya rantse in sunansa ya fita a taro zai hau mota ya yi Agadas, ba za mu sake ganinsa ba, kuma zuciyata gare shi, zai aikata. Uwarsa ta ce in rufa wa ɗanmu asiri in yi shiru, mushe ko ina aka kai shi zai ci abinci. Amma in aka ɗauke shi wa zai riƙe mini yaron? Ni dai yaron ya daina kallon idona, in na shigo gida sai ya tashi.

Jiya na ɗaga tabarmarsa na tarar da sabuwar takarda, ya ja layukan da kansa, a karkace. Kuros shida ne a ciki. Na mayar da ita yadda take.

Don girman Allah ku gaya mini, in tashi ranar Asabar in faɗi gaskiya in rasa ɗana, ko in yi shiru a kori mutumen da ya rufa mini asiri ina zaginsa? Ko akwai wata hanya da zafin kaina ya hana ni gani? Ku zage ni in kun so, na cancanta, amma ku ba ni amsa kafin Asabar. Ba na son in sake ɗaga tabarmar nan in tarar da gidan da babu kuros.